Iyafis ɗaya zai ishe ni sauraro da haɗa waƙa?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina ɗan taɓa waƙa. Da FL Studio nake haɗa kiɗa a laftof, kuma mu uku ne a ɗaki, babu halin kunna sifika da daddare. Iyafis ɗina na Bluetooth ne, akwai daɗi, bes kamar me. Amma duk waƙar da na haɗa, in na kunna ta a wani wuri sai in ji ta bushe, muryata kuma ta yi tsini. In ina ɗaukar murya kuma sai in ji kamar kullum ina bayan kiɗa. Na ɗan tara kuɗi, ina so in sayi guda ɗaya da zai yi min sauraro ya kuma yi min aiki. Wanne zan saya? Ko dole sai babban hedifon?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abu uku ka tambaya a dunƙule: me ke busar maka da waƙa, me ya sa kake bin kiɗa a baya, sannan ko iyafis ɗaya zai ɗauki nauyin jin daɗi da na aiki. Na ƙarshen amsarsa e, zai iya, muddin mai igiya ne, bai cika ƙarin gishiri ba, kuma ya zauna daidai a kunnenka. Sauran biyun su ne za su nuna maka dalilin waɗannan sharuɗɗa, don haka da su zan fara.

Cokalin ɗanɗano mai gishiri

Ka ɗauka mai girki tana ɗanɗana miya da cokalin da gishiri ya maƙale a jikinsa. Duk sanda ta kai baki za ta ji gishiri ya ji, sai ta ƙi ƙarawa. In aka kai wa baƙi, miya lami. Abin da iyafis ɗinka ke yi maka ke nan. Kamfani ya cika masa bes don mai saye ya ji daɗi a minti na farko, kai kuma kana haɗa kiɗa kana jin bes ya ishe, har ma kana ragewa. A cikin waƙar babu shi, a cikin iyafis yake. Haka muryar: irin waɗannan sukan danne tsakiyar sauti, inda muryar mutum take zaune, sai ka ji ta nutse, ka yi ta ɗaga ta kana ƙara mata kaifi har ta fito. Da ka kai ta sifikar da ba ta danne komai ba, sai tsinin da ka zuba ya bayyana. Duk abin da abin sauraronka ya ƙara, hannunka zai rage shi a waƙa, abin da ya rage kuma hannunka zai ƙara.

Ni ma na sha wannan. Farkon shigata aikin nan aka ba ni waƙar amarya, aka ce gobe da yamma ake so. Babu wuta, janareton situdiyo ya ƙi tashi, sai na koma gida na ƙarasa ta a laftof da wani iyafis da nake ji da shi a lokacin. A kunnena ganga tana dukan ƙirji. Washegari na je wurin kamu na tsaya a bayan mai kunna waƙa. Da aka sako ta, kalangu ya fito, murya ta fito tana yanka kunne, amma ƙasan waƙar wayam, kamar an zare mata ƙashin baya. Ina kallonsa ya kai hannu ya murɗa maɓallin bes har ƙarshe, ya waigo ya ce wa na kusa da shi, "Wa ya haɗa wannan?" Ban ce ni ne ba.

To wane ne ba ya ƙarin gishiri? A nan akwai abin da ke rikita mutane. Kunnen ɗan Adam yana ji daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz (Hz shi ne yawan girgizar sauti a daƙiƙa, ƙaramar lamba bes, babba kuma kaifi) in yana da ƙuruciya da lafiya, amma ba daidai wa daida yake jin su ba. Fatar kunne ta waje da ramin kunne su da kansu suna ƙara ƙarfin sautin da ke wajen 3,000 Hz kafin ya isa dodon kunne. Da ka cusa iyafis, ka tsallake fatar waje ka kuma toshe ramin, wannan ƙarin na halitta ya tafi, dole iyafis ya mayar da shi da kansa. Shi ya sa in ka ga zanen awon sautin iyafis mai kyau ba za ka ga miƙaƙƙen layi ba, za ka ga tudu a wajen 3,000. Ba aibi ba ne, haka ya kamata ya kasance. Kamfanin Harman na Amurka, a binciken da Sean Olive ya jagoranta, ya yi shekaru yana gwada abin da masu sauraro suka fi yarda da shi, ya fitar da ma'aunin iyafis a 2017, aka gyara shi a 2019. Wannan ma'aunin yana da tudun nan na sama, yana kuma da ƙarin bes, amma bes na can ƙasa wanda ba ya hawa kan murya. Masu araha da yawa da ake ƙerawa a Sin yanzu a kusa da shi suke yawo, kuma wannan ne ya sa iyafis na dala 20 a yau ya fi wasu na dala 100 na shekarun baya faɗin gaskiya.

Ra'ayina a kai: ga irin waƙoƙinmu, masu siririyar muryar mace da aka bi da Auto-Tune, manhajar nan ta daidaita murya, ga fiyano mai ƙara a sama, wanda ya bi ma'aunin Harman sak yakan gajiyar da ni bayan awa biyu. Na fi son wanda tudunsa na sama ya ɗan sassauta. Amma wannan kunnena ne, ramin kunnen kowa da tsawonsa da faɗinsa.

Dalilin da kake bin kiɗa a baya

Wannan ba laifin baiwarka ba ne. Kafin sauti ya iso kunnenka ta Bluetooth sai an matse shi, an aika, an warware, kuma wannan yakan ci kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan, wani lokaci sama. A kallon fim ba ka lura, domin waya tana jinkirta hoton ya jira sautin. A ɗaukar murya babu mai jiran wani. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, ke nan jinkirin nan daidai yake da a ce makaɗinka yana tsaye wajen mita 70 daga inda kake. Ka taɓa hango mai ganga daga nesa a filin sallar idi, ka ga gula ta sauka kafin ka ji dukan? Haka kake waƙa yanzu. In kiɗanka yana gudun bugu 120 a minti, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, jinkirin ya cinye kusan rabinsa. Ƙari a kan haka, in ka kuskura ka zaɓi makirufon iyafis ɗin don ɗaukar murya, Bluetooth yakan koma yanayin kiran waya, sautin gaba ɗaya ya zube. Don haka na Bluetooth ɗinka ka bar shi na yawo da amsa kira, ba ya shiga aiki.

Ko da igiya ma, ka leƙa saitin sauti na FL Studio ka tabbata kana kan ASIO, saitin da ke rage jinkiri, ka sauke bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, zuwa 256 ko 128 lokacin ɗaukar murya, ka mayar da ita sama in za ka haɗa. A 256 jinkirin bafar bai kai kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. In kana da sawunkad, akwatin nan da ke haɗa makirufo da kwamfuta, yawancinsu suna da maɓallin da ke dawo maka da muryarka kai tsaye ba tare da ta bi ta cikin kwamfuta ba. Danna shi.

Robar da kowa ke rainawa

In da za ka manta duk abin da na rubuta ka riƙe abu ɗaya, to wannan ne. Ɗan lasifikar da ke cikin iyafis bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ba zai iya girgiza iskar ɗaki ba. Bes ɗinsa yana samuwa ne saboda iskar da ke tsakaninsa da dodon kunne a kulle take. Da an sami 'yar kafa, bes ya tsere, sautin ya koma kamar rediyo a cikin gwangwani. Na sha ganin yaro ya shigo situdiyo yana zagin iyafis mai tsada, in karɓa in canza masa roba zuwa babba, ya mayar kunne ya yi shiru yana zare ido.

Yawanci a kwali ana sako roba kala uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, kuma kusan kowa wadda ya tarar a jiki yake bari. Gwada dukansu. Ka zagayo da hannu ta bayan kai ka ja saman kunne sama da baya kaɗan, ramin zai miƙe, sannan ka saka ka saki. Yadda za ka gane ta zauna: ƙarar fanka ko janareton maƙwabta ta ja baya nan take, in kuma ka yi gunji da baki a rufe ka ji shi ya cika maka kai. Kada ka yi mamaki in kunnen dama ya so matsakaiciya na hagu ya so babba. Ni haka nake, shekara da shekaru roba biyu mabambanta nake sawa.

Akwai ta silikon, akwai ta soso irin ta Comply wadda ake murzawa ta ƙanƙance, a saka, ta kumbura a ciki. Ta soso ta fi toshe ƙarar waje, tana kuma ɗan rage kaifin sama, amma tana shan gumi da dauɗar kunne, ba a wanke ta kamar silikon, kuma a zafin Afrilu ba ta daɗewa take ruguzawa. In ba ka da hanyar samun canji a kai a kai, zauna a kan silikon.

Wannan toshewar tana da riba biyu a wurinka. Abokan ɗakinka za su yi barcinsu, kuma kiɗa ba zai zubo cikin makirufo ba yayin da kake rerawa, abin da babban hedifon yakan yi in ya saki. Tana da hasara ɗaya: muryarka za ta riƙa yi maka gum a ka, kamar kana magana da yatsu a kunne, domin girgizar ƙashin muƙamuƙi tana taruwa a ramin da aka toshe. Wasu mawaƙa wannan yana sa su kauce wa murya. Maganinsa ka ɗan ɗaga muryarka a abin da kake ji ta makirufo har ta rinjayi ta cikin kai, ko ka nemi mai shiga can ciki, domin zurfin shiga yana rage gum ɗin.

Abin da ke rubuce a kwali

Za ka ga DD, za ka ga BA, za ka ga 1DD+4BA. DD ƙaramar lasifika ce irin wadda ka sani, fata da maganaɗisu. BA ɗan ƙarfe ne mai rawa a tsakanin maganaɗisu, an daɗe ana amfani da shi a na'urar taimaka wa masu raunin ji kafin ya shigo kiɗa, kuma Knowles da Sonion su ne sanannun masu ƙera shi. Lambar tana faɗin guda nawa aka sa a ciki ne, yawansu ba ya nuna inganci. Guda ɗaya da aka daidaita da kyau ya fi biyar da aka cusa don talla, kuma a kuɗin ɗalibi DD ɗaya ya fi ba ni kwanciyar hankali. Rubutun "20 Hz zuwa 40,000 Hz" ma kada ya ɗauke maka hankali, ba ya gaya maka wane sashe aka ɗaga wane aka danne.

Sunaye, tunda su kake jira. A wajen dala 20 akwai 7Hz Salnotes Zero da Moondrop Chu da Tangzu Wan'er. Na farkon shi na fi miƙa wa masu koyo, bes ɗinsa ba ya rufe murya, kuma igiyarsa tana cirewa. Sai Truthear Hexa, da ya fito kasuwa a wajen dala 80, mai natsuwa, wanda ya saba da bes mai yawa zai ce ba shi da armashi a makon farko. Etymotic, waɗanda suka fitar da ER4 tun 1991, suna da ER2 mai sauƙin kuɗi, tsakiyar sautinsa fes, yana toshe ƙarar waje fiye da kusan kowanne, sai dai yana shiga can cikin kunne, akwai waɗanda sam ba sa jure shi. Shure SE215, wajen dala 100, shi za ka fi gani a kunnen mawaƙan dandamali: yana da ƙarko, yana toshe ƙara, yana maƙalewa ko ana rawa. Amma sautinsa mai ɗumi ne, samansa a lulluɓe. Don tsayawa gaban makirufo ko gaban jama'a ya yi, don haɗa waƙa zai iya mayar da kai kan tsinin da kake gudu. Su KZ masu sheƙi da suka cika kasuwa kuwa, yawancin waɗanda suka ratsa hannuna bes da kaifi suka ɗaga, tsakiya ta faɗa rami. Ana jin daɗinsu a keke, ba na haɗa aiki da su.

Jabu ya yi yawa, musamman na manyan sunaye. In ka ga abin dala 100 ana ba ka a kuɗin na dala 10, ka san me ka gani. Shi ya sa ma a wani ɓangaren mai arahar ya fi aminci, ribar kwaikwayonsa kaɗan ce. In za ka shigo Kano, Farm Centre ko Beirut Road, ka zo da wayarka da waƙoƙi biyu da ka haddace sautinsu, ka nemi mai shagon da zai yarda ka dawo da kaya in kunne ɗaya bai kai ɗaya ƙara ba.

Igiya ita ke fara mutuwa, don haka nemi mai cirewa, ko mai fil biyu na milimita 0.78 ko mai mahaɗin da ake kira MMCX, in ta tsinke ka canza ta kaɗai. Ka kuma zaɓi marar makirufo. Dubi bakin filogin: zobe baƙi biyu shi ne na sauraro zalla, zobe uku na waya ne mai makirufo. Mai zobe uku in ka sa shi a adaftar babban rami na sawunkad, wani lokaci ba ya zama daidai, sai ka ji murya da ganga sun ɓace, amon reba, wato amsa-kuwwar da ake ƙara wa waƙa, kaɗai ya rage. Na taɓa ɓata rabin yini ina neman abin da ya cinye murya a waƙa, ashe filogi ne. Sannan iyafis yana da saurin ɗaukar sauti, shi ya sa a ramin wasu laftof za ka ji "sss" ko ƙugin caja. 'Yar adaftar USB-C ta Apple, wajen dala 9, tana kashe wannan a yawancin kwamfutoci, in ka samu ta asali.

Inda iyafis ke tsayawa

Ko mafi gaskiyarsu akwai abin da ba zai nuna maka ba. A sifika kunnuwanka biyu suna jin ɓangarorin biyu, a iyafis dama na dama ne kaɗai, hagu na hagu. Don haka waƙa takan yi faɗi fiye da yadda take, reba takan fito fili sai ka rage ta fiye da kima, kuma bes ba ya taɓa jikinka, kunne kaɗai ke ji. Babban hedifon ma yana da wannan matsalar, ba dole ba ne ka saye shi yanzu. Abin da ya fi shi da shi sauƙin zama na awanni da saurin cirewa a mayar, abin da ya rasa kuma kunne ya jiƙe da gumi in babu fanka.

Abin da nake yi, ko a situdiyo mai sifika: ina jawo waƙar wani da na san tana tashi da kyau a ko'ina in ajiye ta a layi ɗaya cikin aikin, in rage ta ta yi daidai da ƙarfin tawa, in riƙa tsallakawa tsakaninsu. In bes ɗina bai kai nata ba, na gani nan take, ko da wane abu nake ji. Daga nan in tura waƙar waya in kunna a sifikar wayar, domin a nan yawancin masu sauraronmu za su fara jin ta, kuma wayar ba ta fitar da bes na can ƙasa. Kalangu da kotso suna tsira a waya saboda muryarsu a tsakiya take, amma 808 ɗin, bes ɗin nan mai zurfi da ka sha wahala a kansa, zai ɓace in ba ka ɗan ƙona shi, wato ka ƙara masa kaushi, ya sami amo a sama ba. Sai 'yar sifikar Bluetooth irin ta teburin mai shayi, sai mota in an samu. A nan ne amfanin guda ɗaya ga sauraro da aiki yake: in da shi kake jin waƙoƙin mutane kullum, kunnenka zai haddace yadda waƙa mai kyau take fita a cikinsa, ba tare da ka zauna koyo ba.

Kunnen kansa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙarfin sauti ga babban mutum a desibel 80 na awa 40 a mako. A desibel 90 awa 4 ne kacal a mako, kuma iyafis yana wuce 100 ba tare da wahala ba. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in sun mutu ba sa tsirowa. Haɗarin mai haɗa waƙa shi ne kunne yana sabawa, bayan awa ɗaya sai ka ji kamar sauti ya ragu, ka ƙara, bayan wata awar ka sake ƙarawa. Ka sa alama a inda maɓallin yake tun farkon zama, kada ka wuce ta, ka cire ka huta minti goma duk awa. Ɗabi'ar nan ta cire kunne ɗaya ana rerawa ita ma ka kiyaye ta, domin da ka cire ɗaya sai ɗayan ya zama kamar ya yi ƙasa, ka ƙure masa ƙara shi kaɗai. In za ka cire ɗaya, kada hannunka ya koma kan maɓalli.

In ka cire iyafis ka ji "wiii", ko maganar mutane ta zama kamar daga bayan bango, ka wuce gona da iri a ranar. In ya kwana biyu bai tafi ba, ko akwai ciwo, ko ruwa na fita, wannan ya wuce aikin injiniya, likitan kunne za ka gani, kuma asibitin koyarwa na Shika yana kusa da kai. Kada ka bi dauɗar kunne da ashana ko tsinke. Iyafis da kansa yana tura ta ciki, ita ce kuma ke toshe 'yar ragar bakinsa har ka ji ɓangare ɗaya ya yi ƙasa. Da hunturu ƙura tana haɗuwa da ita ta zama kamar laka. Cire robar ka wanke da ruwa da sabulu ta bushe, ragar kuma ka share ta da busasshen burushin haƙori, bakin yana kallon ƙasa.

Da ni ne kai, da kuɗin da ka tara zan sayi Salnotes Zero marar makirufo da adaftar nan ta USB-C, in kwana biyu ina gwada roba har in samu wadda ta kulle. Mako biyu ba zan taɓa haɗa komai ba, sauraron waƙoƙin da na sani kawai zan yi da shi, har kewar tsohon bes ɗin ta sake ni. Sannan in buɗe waƙar nan da ta bushe in sake ta daga farko. Canjin da ya rage kuma in fara tarin sawunkad da shi.